Mota tana ajiye, tara tana tafe: shaida kan harajin mota a Birtaniya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan shaida ce a kan abin da nake gani yana samun mutanenmu mazauna Birtaniya, kuma na rubuta ta ne saboda asarar ta yi yawa, alhali kusan dukkanta ana iya kauce mata. Na daɗe ina karanta wa jama'a wasiƙun hukuma, ina taya su rubuta amsa, kuma a cikin wasiƙun nan babu wadda ke ɗaure wa mutum kai kamar ta tarar harajin motar da ke ajiye a gida. Maganar farko da ke fitowa daga bakin kowa ɗaya ce: "Wallahi motar nan ba ta motsa ba." Kuma gaskiya suke faɗa. Tayoyi sun sace, batir ya mutu, ganye ya taru a gindin gilashi. Sai dai dokar ba ta tambaya ko mota ta motsa. Abin da take tambaya shi ne, a ranar kaza, me ke rubuce a kundin hukuma a kan lambar motar nan?

Hukumar ita ce DVLA, mai kula da lasisin tuƙi da rajistar motoci, kuma ofishinta yana Swansea a yankin Wales. A kundinta, mota mai rajista da sunanka dole ne ta kasance cikin ɗayan hali biyu: ko dai an biya mata haraji, ko kuma an sanar a hukumance cewa an janye ta daga titi. Wannan sanarwar ita ake kira SORN, an soma ta a 1998, kyauta ce, kuma tun ƙarshen 2013 ba a sabunta ta duk shekara, sau ɗaya ake yi ta zauna. Idan mota ba ta da haraji kuma ba ta da SORN, kwamfuta ce ke gano haka da kanta ta fitar da wasiƙa. Ba sai wani ya zo ƙofar gidanka ya gani ba.

Bari in ba ku labarin wani magidanci, domin a cikinsa akwai kusan duk ramukan da ake faɗawa. Motarsa ta sami matsalar kuloci da giya, bakanike ya yanka masa kuɗin da ya kusa rabin darajar motar, sai ya ce a bari tukuna. Shi da maƙwabcinsa suka tura ta cikin harabar gidansa, bayan ƙyaure, suka lulluɓe ta da tamfol. Da yake mutum ne mai lissafi, a daren ya buɗe manhajar bankinsa ya soke umarnin da ke cire kuɗin haraji duk wata, wato Direct Debit. Washegari ya kira kamfanin inshora ya soke ita ma. A ganinsa ya gama komai: mota ba ta aiki, don me zai ci gaba da biya? Ba a jima ba aka kira shi daga gida cewa jikin mahaifiyarsa ya yi tsanani, ya hau jirgi, ya yi watanni yana jinya. Allah ya ba ta lafiya, ya dawo da farin ciki, ya tarar da tulin wasiƙu a bayan ƙofa har ƙofar tana cijewa.

Da muka baje su a kan tebur muka jera su bisa kwanan wata, sai labarin ya fito sarai. Ta farko tana sanar da shi cewa ba a sami cire kuɗin wata ba, kuma motar ta zama marar haraji daga rana kaza. Sai wasiƙar tarar jinkirin biyan haraji, fam 80, wadda ake ragewa zuwa fam 40 idan an biya cikin kwana 33. Wa'adin ya wuce yana asibiti a gida. Sai wasiƙa daga kamfanin karɓar bashi da aka miƙa wa maganar. Soke umarnin banki ba sanarwa ba ce ga DVLA. Bankinka ne kaɗai ya san ka soke, ita hukuma abin da ta gani shi ne kuɗi ya daina shigowa. Da SORN ya fara yi, da ita hukumar da kanta za ta tsayar da cire kuɗin, har ta aiko masa da cekin cikakkun watannin da ya riga ya biya, in akwai.

Ya so ya ƙalubalanci tarar, kuma hujjarsa mai ratsa zuciya ce: tikitin jirgi, hatimin fasfo, takardun asibiti, hoton mota cikin tamfol. Na gaya masa gaskiya tun kafin ya ɓata kuɗin kan sarki. DVLA ta bayyana a fili dalilan da take karɓa da waɗanda ba ta karɓa. Tana sauraronka idan kana da shaidar cewa ka biya harajin, ko kana da inshora, ko ka riga ka sanar da ita motar ta bar hannunka, ko ka yi SORN, kuma dole shaidar ta kasance mai kwanan watan da ya riga ranar laifin. Ba ta karɓar cewa ka yi tafiya, ko ka manta, ko takardunka sun ɓace, ko wasiƙar tunatarwa ba ta iso ba, ko ka sauya gida ba ka faɗa ba, ko banki ya sami matsala kuɗi bai fita ba. Duk takardun da ya tara suna tabbatar da cewa ba ya nan ne, kuma rashin kasancewa a gari yana cikin jerin abin da ba a karɓa. A ganina wannan tsauri ne, musamman ga mai jinya ko mai zaman makoki, kuma ba na hana kowa rubutawa ya bayyana halin da ya shiga ya roƙi a duba. Amma ya sani roƙo yake yi, ba haƙƙi yake nema ba, kuma kada ya bar wa'adin ragi ya wuce yana jiran amsar roƙo.

Abin da ya rage masa asara shi ne tsayar da jinin nan take. Biyan tara ba ya mayar da mota cikin tsari. Mutane da yawa suna biyan fam 80 su koma su kwanta, motar tana nan ba haraji ba SORN, bayan wani lokaci sabuwar wasiƙa ta sake zuwa, wani lokacin mafi nauyi. Don haka kafin a rubuta ko kalma ɗaya ta ƙorafi, a ranar da ka buɗe wasiƙar, ka yi SORN ko ka biya haraji. Ba a mayar da SORN baya, daga ranar da ka yi take farawa, amma aƙalla ta rufe ƙofar gaba.

Yin ta ba ya cin minti biyar a shafin gwamnati na intanet, sai dai akwai wani tarko a lambobin da ake amfani da su. Idan ka sa lamba mai alƙaluma 11 da ke jikin takardar rajistar mota, V5C, wadda muke ce wa logbuk, SORN tana farawa nan take. Idan ka sa lamba mai alƙaluma 16 da ke jikin wasiƙar tunatarwa, V11, tana farawa ne ranar ɗaya ga wata mai kamawa. Wannan na biyun an yi shi ne don wanda harajinsa zai ƙare a ƙarshen wata yana so ya yi sanarwa tun da wuri. Wanda ya yi amfani da V11 ranar 5 ga wata, sannan ya soke inshora ranar 6, ya bar giɓin sama da mako uku da motar take da haraji amma ba inshora ba SORN. Idan logbuk ba da sunanka yake ba, ko adireshin jikinsa tsoho ne, sai a bi ta gidan waya da fom V890, a haɗa da gyaran adireshin. Idan logbuk ɗin ya ɓace, ana neman sabo a kan fam 25, kuma fom ɗin nema ta gidan waya shi ne V62. Wanda ya aika SORN ta gidan waya ya jira wasiƙar tabbatarwa, idan mako huɗu ya wuce ba ta zo ba ya bi sawu, kada ya ɗauka shiru alama ce ta an karɓa.

Maganar inshora kuwa tara ce mai zaman kanta, kuma a nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa, su ga wasiƙu biyu su zaci ɗaya ce aka maimaita. Tun 2011, a Ingila da Wales da Sikotland, laifi ne ka kasance mai rajistar motar da ba ta da inshora sai idan tana da SORN, ko da ba ta taɓa fita ba. Ana gwada kundin DVLA da kundin inshorar motoci wanda ƙungiyar kamfanonin inshora, MIB, ke riƙe da shi. Da farko wasiƙar gargaɗi ce ke zuwa, idan ba a yi komai ba sai tara ta fam 100, wadda ita ma ake rage rabi ga wanda ya biya da wuri, idan kuma ta kai kotu tana iya kaiwa fam 1,000. Ireland ta Arewa ba ta cikin wannan tsari. A irin wannan tara an sha samun mai gaskiya, domin wani lokacin inshora tana nan daram, amma an yi kuskuren harafi ɗaya wajen shigar da lambar mota, a sa sifili a wurin harafin O, ko kuma ba a ɗora bayanin a kundi ba. Ka shiga askMID, shafin intanet na duba kundin inshorar, ka sa lambar motarka, kyauta ne ga mai mota. Idan ba ta fito ba alhali kana biya, kamfanin inshorarka ne zai gyara, kuma ka nemi su ba ka wasiƙa mai nuna ranar da inshorar ta fara da cewa ba ta yanke ba. Da wannan wasiƙar da kwafin satifiket ɗin inshora ake ƙalubalantar tarar, kuma ana cin nasara.

Wata baiwar Allah ta ci nasara a kan tarar fam 80, kuma abin da ya cece ta imel ɗaya ne. Ta yi SORN ta intanet lokacin da mijinta ya sami aikin da ba ya bukatar mota ta biyu, saƙon tabbatarwa ya shigo, ta manta da shi. Da tarar ta zo, ta tsorata har za ta biya don a zauna lafiya. Muka zauna da wayarta muka rubuta lambar motar a wurin bincike na akwatin imel, ba mu gani ba, muka duba akwatin saƙonnin banza, sai ga shi can ƙasa tsakanin tallace-tallace, da lambar mota da rana da lokaci. Muka gwada ranar da wadda ke jikin wasiƙar tara, muka ga sanarwarta ta riga. Shi ke nan, ba a bukatar dogon turanci.

Wasiƙar ƙalubale ba ta wuce shafi ɗaya. A sama sunanka da adireshinka kamar yadda suke a logbuk, lambar mota, da lambar shari'ar da ke kan wasiƙar tara. Sakin layi na farko ya ce ba ka yarda da tarar ba, da dalili a jimla ɗaya: an yi SORN ranar kaza, kafin ranar da ake zargi. Na biyu ya jera abin da ya faru da kwanan wata, ba ƙari ba ado. Na uku ya lissafa takardun da ka haɗa. Na ƙarshe ya nemi a soke tarar, a dakatar da maganar karɓar bashi har a gama dubawa, a kuma ba ka amsa a rubuce. Ka sa hannu da kwanan wata. Kwafi ake aikawa, asali ya zauna a hannunka. Adireshin yana jikin wasiƙar tarar, idan kuma ta ɓace, sashen tilasta doka na hukumar shi ne DVLA Enforcement Centre, D12, DVLA, Swansea, SA99 1AH. A gidan waya ka nemi takardar shaidar aikawa, kyauta ce, ko ka ƙara kuɗi kaɗan a yi wadda ake sa hannu in ta isa. Ka ɗauki hoton kowane shafi da ambulan ɗin kafin ka miƙa. Kiran waya yana da amfani don jin inda maganar ta tsaya, amma ba ya maye gurbin rubutu. In ka kira, ka rubuta rana da lokaci da abin da aka ce maka.

Abin da nake roƙon mutane su cire daga wasiƙa shi ne fushi da tarihin rayuwa. Wanda zai karanta yana neman abu ɗaya ne, kwanan watan da ya riga na laifi. Idan ka binne shi a shafi na uku ƙarƙashin bayanin yadda kake biyan haraji shekara da shekaru ba ka taɓa laifi ba, ka wahalar da kanka. Haka kuma kada ka rubuta abin da zai zama ikirari a kanka ba ka sani ba, kamar "sau ɗaya kawai na fitar da ita zuwa wurin bakanike". Mota mai SORN ba ta da izinin hawa titi sai zuwa gwajin lafiyar mota, MOT, wanda aka riga aka yi wa alƙawarin rana da lokaci, da dawowa daga can, kuma dole da inshora a wannan tafiyar. Ban ce a ɓoye gaskiya ko a yi ƙarya ba, ƙarya ga hukuma laifi ce mafi girma da tarar kanta. Cewa na yi mutum ya san nauyin abin da yake sa wa hannu, in ya ga akwai laifi a wuyansa ya nemi shawara kafin ya rubuta.

Akwai masu cewa sun aika fom ta gidan waya amma hukuma ta ce bai iso ba. A nan wanda ya ajiye takardar shaidar aikawa da kwafin fom yana da abin riƙewa, domin dokar fassara dokoki ta 1978, sashe na 7, tana ɗaukar wasiƙar da aka sa wa adireshi daidai, aka biya kuɗinta aka aika, a matsayin wadda ta isa, sai an tabbatar da akasin haka. Ana kawo wannan hujja, amma ƙarfinta yana ga takardar da ke hannunka. Wanda ba shi da komai sai "na tabbata na aika" yana cikin rauni. Kana kuma da damar neman hukumar ta ba ka bayanan da take riƙe da su a kanka a ƙarƙashin dokar kare bayanai, kuma a ƙa'ida ana amsawa cikin wata ɗaya. Wannan yana nuna ranakun da aka shigar da kowane abu a kundi.

Sai maganar wurin ajiya, wadda ita ce ta fi tsada. SORN tana aiki ne idan motar tana gareji, ko harabar gida, ko filin da ba na gwamnati ba. Titin da ake gyarawa da kuɗin jama'a ba ya ciki, ko da a ƙofar gidanka ne, ko da kai kaɗai ke ajiye mota a wurin shekara goma. Gefen da masu ƙafa ke bi da ciyawar bakin titi galibi duk cikin titi suke. Na ga wanda harabarsa gajera ce, gaban mota yana ciki, tayoyin baya suna kan hanyar masu ƙafa. Na ga wanda ya tura motar waje da safe don a sauke masa kayan gini, da niyyar mayar da ita da yamma, motar hukuma mai kyamarar karanta lamba ta wuce da hantsi. Idan aka ga mota marar haraji a titi ba SORN, tayin sasantawa ba tare da zuwa kotu ba shi ne fam 30 da ninki ɗaya da rabi na harajin da ake bi. Idan tana da SORN aka gan ta a titi, fam 30 da ninki biyu. A misali, motar da harajinta fam 195 ne a shekara, in ana bin ta wata huɗu, fam 65 ke nan: na farko zai biya fam 127.50, na biyu fam 160. Idan aka je kotu, iyakar tarar na farko fam 1,000 ce ko ninki biyar na harajin, duk wanda ya fi yawa, na biyu kuma fam 2,500 ko ninki biyar. Ban da wannan ana iya sa wa tayar mari a inda take. Cire marin fam 100 ne cikin awa 24, idan aka ɗauke ta zuwa ma'ajiya fam 200 da kuɗin kwana, kuma wanda bai biya haraji ba kafin ya karɓa zai ajiye jinginar fam 160 ga ƙaramar mota, a mayar masa idan ya biya harajin cikin kusan mako biyu. Motar da ba a je karɓa ba ana sayar da ita ko a murƙushe ta.

A nan ma akwai mai gaskiya. Wuraren ajiye mota na gidajen haya masu hawa, da lungunan bayan gidaje, da titunan sabbin unguwanni da ƙaramar hukuma ba ta karɓa ba tukuna, da yawansu ba titin gwamnati ba ne ko da sun yi kama da shi. Idan a irin wannan wuri aka ɗauki hoton motarka, hujjarka ita ce matsayin ƙasar. Ka rubuta wa sashen tituna na ƙaramar hukumarka ka tambaya ko wurin yana cikin titunan da take gyarawa, suna da jeri da taswira. Ka haɗa da yarjejeniyar haya ko taswirar filin daga ofishin rajistar filaye mai nuna wurin ajiyar naka ne, da hotuna daga nesa waɗanda ke nuna motar da ginin da bakin titi a tare. Hoton mota ita kaɗai daga kusa ba ya nuna komai. Ka kuma nemi hukumar ta ba ka shaidar da ta dogara da ita, wato rana da lokaci da sunan titi, domin wani lokacin da ka gani za ka gane a ina kuskuren yake.

Mafi ciwo a cikin duk abin da na gani shi ne na adireshi. Mutum ya tashi daga gida, ya sauya adireshi a lasisin tuƙi, ya ɗauka ya gama. Lasisi daban, logbuk daban, sauya ɗaya ba ya sauya ɗayan, kuma rashin gyara na logbuk shi kansa laifi ne mai tarar da ke iya kaiwa fam 1,000. Duk wasiƙu sai su riƙa zuwa tsohon gida: tunatarwa, tara, tayin sasantawa, har takardar kotu. A Ingila da Wales irin waɗannan ƙananan laifuka majistare ɗaya ne ke yanke su a kan takarda ba tare da zaman kotu ba, kuma takardar da ake aiko maka tana ba ka kwana 21 ka amsa, ko ka amsa laifi, ko ka musanta a sa ranar sauraro. Wanda bai amsa ba ana yanke hukunci a bayan idonsa, ba tare da an san abin da yake samu ba, a ƙara kuɗin shari'a da bashin haraji. Sai ranar da ya ga an yanki albashinsa, ko ma'aikatan karɓar tarar kotu sun gano sabon gidan, sannan ya ji labari.

Wanda ya sami kansa a nan kada ya tsaya jayayya da mai buga ƙofa, kuma kada ya rubuta wa DVLA yana jira, maganar ta bar hannunta ta koma kotu. Akwai rantsuwar da doka ta tanada, wadda mutum ke yi cewa bai san da shari'ar ba sam, kuma ana so a gabatar da ita cikin kwana 21 daga ranar da ya sani. Ka nemi lambar shari'ar da sunan kotun daga takardar da ta iso gare ka, ka tuntuɓi kotun a ranar, ka rubuta ranar da ka fara sani domin za a tambaye ka. Idan an karɓi rantsuwar, hukuncin ya rushe, shari'a ta koma farko. Ba wai an wanke ka ba ne, dama ce aka ba ka ka amsa, ka kawo hujjarka in kana da ita, ko ka amsa laifi ka bayyana kuɗin shigarka a yanka tara daidai ƙarfinka. Rantsuwa ce ta gaske, wanda ya ga takardar ya yi biris da ita ba shi da wannan hanya. A Sikotland tsarin kotu daban ne. A ko'ina kake, ofishin ba da shawara kyauta na Citizens Advice wuri ne mai kyau na farawa, in maganar ta yi nauyi a nemi lauya.

Masu saye da sayarwa a tsakaninmu su ma suna shiga wannan rami ta wata ƙofa. Tun 1 ga Oktoban 2014 da aka daina liƙa takardar haraji a gilashi, haraji ba ya bin mota zuwa ga sabon mai ita, haka ma SORN. Ka sayi motar da ke ajiye a garejin abokinka da SORN, ranar da ta koma sunanka tasa ta mutu, sai ka yi taka. Ɗalibin da ya gama karatu zai koma gida ya bar wa ɗan'uwa mota a kan amana, "ka cike takardun daga baya", shi ne har yanzu mai rajista, kuma duk tara sunansa za ta bi. A sanar ta intanet a ranar cinikin, a ajiye saƙon tabbatarwa, mai saye ya tafi da koren yankin logbuk. Idan wurin masu fasa motoci za a kai ta, a tabbata masu lasisi ne, a karɓi satifiket ɗin rushewa. Kuma motar da harajinta sifili ne, kamar ta nakasassu ko tsohuwar da ta haura shekara 40 aka yi mata rajistar tarihi, ita ma dole a sabunta mata harajin duk shekara ko da ba a biyan ko kwabo. Motocin lantarki kuwa sun fara biya tun 1 ga Afrilun 2025. Wani abin da ke kama mutane shi ne MOT: idan ya ƙare a lokacin sabunta haraji, cire kuɗi ta banki ba zai sabuntu da kansa ba, mota ta faɗa cikin marasa haraji mai ita yana zaton komai lafiya.

Idan an ƙi ƙalubalenka kuma kana da tabbacin hujjarka, hanya ba ta ƙare ba. Hukumar tana da matakan ƙorafi nata, bayansu ana iya neman a miƙa maganar ga mai duba ƙorafi mai zaman kansa na ma'aikatar sufuri, daga nan kuma ɗan majalisar mazaɓarka yana iya kai ta ga ofishin sauraron koken jama'a na majalisa. Waɗannan suna duba yadda aka tafiyar da lamarinka ne, ba sa sauya doka, kuma suna ɗaukar lokaci. Ga wanda hujjarsa ba ta da kwanan watan da ya riga na laifi, shawarata ita ce ya biya fam 40 tun tana fam 40. Ga mai shirin tafiya gida na watanni, ko aikin Hajji, ko dogon hutu da iyali, ya shigar da motar ciki gaba ɗaya, ya yi SORN da lambar logbuk, ya tura saƙon tabbatarwar zuwa imel na biyu ko wayar matarsa, bayan 'yan kwanaki ya sa lambar motar a shafin duba haraji ya ga ta nuna SORN, ya ɗauki hoton shafin da kwanan wata, sannan ya taɓa inshora. Ita ma inshorar, kafin a soke ta a tambayi kamfani ko suna da ta motar ajiye, mai rufe gobara da sata, domin SORN ba ta biyan kowa idan gareji ya kama wuta. A kuma bar wa amintacce makulli ya riƙa buɗe wasiƙu yana turo hotonsu, tunda wa'adin kwana 33 da na kwana 21 duk suna ƙarewa kafin a dawo daga tafiyar wata biyu.